Lagwani da Ma'anarsa ta Uku

Akwai wani dattijo a layin da na yi haya shekara takwas cikin tsohon garin Multan, sunansa Shabbir Ansari. Duk wanda ya zauna a layin nan ya san shi, ko yana so ko ba ya so.

Shekara talatin ya yi a bakin ƙofar kotu da tsohuwar tafireta, yana buga wa mutane takardun ƙara. Aikin ya ciyar da shi, amma ya ɓata masa kunne. Ya ga an ƙwace gonar marayu da kalma guda a jikin takarda, tun daga nan ya daina yarda akwai maganar da ba ta da wata a ƙarƙashinta. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka ta saman tabarau, yana lissafin abin da ka zo nema.

Ga shi da tinƙaho da Turanci. Ba wani Turancin a zo a gani ba ne, na jikin takardun kotu ne, amma a ganinsa duk layin babu na biyunsa.

A gidansa akwai matarsa Kausar, da 'yarsu tilo Nimra, sai Rukhsana a ɗakin sama. Rukhsana matar ƙanensa ce marigayi. Shekara goma sha tara ke nan da aka kawo ta gidan, shekara huɗu da rasuwar mijinta, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Iyayenta sun rasu, wanta Akram yana can garin Shujabad da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu. Ɗakin nan na sama shi ne iyakar abin da take kira gida a duniya.

Nimra kuwa a hannunta ta girma. Ita ta koya mata kitso, ita ta yi jinyarta da ta yi ƙyanda. Komai Chachi, komai Chachi, kamar yadda suke kiran matar ƙanen uba.

Sai aka sa bikin Nimra da wani malamin makaranta mai suna Adil, cikin sanyin Disamba.

Ranar da aka baje kayan amarya a tsakar gida, Rukhsana ta ga wani mayafi ya karkace a ninki, ta miƙa hannu za ta gyara. Shabbir ya yi gyaran murya.

"Rukhsana Bibi, bar shi. Kayan amarya a bar wa waɗanda mazansu ke raye."

Wannan camfi ne da wasu gidaje suka gada, wai hannun wadda mijinta ya mutu ba ya yi wa aure albarka. Babu shi a addini ko kusa, kuma ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Rukhsana ta janye hannunta a hankali.

"To, Bhai Sahib," ta ce, yadda suke kiran babban wa, ta koma kicin.

Saura sati uku biki, wani mai babur ya kawo ƙaramin kwali da sunanta. Shabbir ne ya karɓa a ƙofa. A jiki an rubuta kalma biyu da Turanci. Ta farko ya sani, auduga ce. Ta biyun, wick, bai taɓa cin karo da ita a takardar kotu ba. Yana cikin jujjuya kwalin Rukhsana ta sauko da sauri, ta karɓa, ta rufe shi da mayafinta, ta haye sama ko waiwaye babu.

Saurin nan shi ya fara tsaya masa a rai.

Ya shiga ɗaki ya buɗe ƙamus na waya, ya buga kalmar. Ma'ana uku ta fito da Urdu: batti, fatila, falita.

Duk ukun abin da Bahaushe ke kira lagwani ne, zaren da ke ci da wuta a tsakiyar kyandir ko aci-bal-bal. Sai dai ta ukun tana da wani aiki a bakin mutanen gari. Falita kuma ita ce takardar da masu tsibbu ke rubutawa, su nannaɗe ta kamar lagwani, su ce a je a kunna da sunan wane. Mai lafiyar zuciya zai tsaya a ta farko ya ci gaba da harkarsa. Shabbir ya tsallake biyu, ya dira kan ta uku.

Da la'asar ya tarar da abokinsa Master Irshad a wurin mai shayi. Master ya koyar da Turanci shekara talatin da biyar kafin ya yi ritaya, kuma shi kaɗai ne a layin ke iya tsokanar Shabbir ya sha da daɗi.

"Master Sahib, wick, me ake ce masa da Urdu?"

Master ya ajiye kofi. "Yau rana ta fito ta yamma! Babban alƙalin alƙalai ke tambayata Turanci? Mai shayi, ƙara min madara, yau biki ne."

"Kai dai faɗi."

"Batti. Lagwani. Zaren kyandir."

"Waya ta ce har da falita."

"Waya ta faɗi gaskiya, falita ma lagwani ne. Kakata haka take kiran na fitilarta har ta mutu."

"Amma ka san me kuma ake kira falita."

Master ya dube shi sosai. "Shabbir, Bature da ya ce wick bai san malamin tsibbun unguwarku ba. Zare yake nufi. A ina ka ga kalmar?"

"A wani wuri."

"Wurin ba shi da mai shi? Je ka tambaye shi mana. Baki gare shi."

"Ka taɓa ganin mai laifi ya ce e don an tambaye shi?"

"Na ga dai mai zargi ya tsufa da wuri," in ji Master. "Dubi goshinka, kamar gonar da aka yi wa huɗa."

Mutanen wurin suka yi dariya. Shabbir ya yi tsaki, ya biya kuɗin shayinsa, ya tashi.

Daga ranar idonsa ya koma kan matakala. Kuma shi zargi, in ka buɗe masa ƙofa, ba ya rasa abin ci.

Da safe bayan karin kumallo sai ya riƙa jin ƙaurin zare na saukowa daga sama. Ɗakin da Rukhsana tun zuwanta ba ta taɓa sa wa kwaɗo ba, yanzu ko ban ɗaki za ta shiga sai ta kulle. Ranar nan tana miƙa masa shayi ya ga ƙuna a yatsunta biyu.

"Me ya same ki a hannu?"

"Kaskon roti ne, Bhai Sahib."

Shekara goma sha tara tana gasa gurasar roti a gidan bai taɓa ganin kasko ya ƙona ta ba. Ya ajiye wannan ma a ransa.

Cikin satin Nimra ta yi ciwon kai kwana biyu. Kowace amarya tana yi, ga zirga-zirga ga rashin barci, amma Shabbir ya ce a ransa an fara. Sannan kawun ango ya bugo waya yana ƙorafi kan yawan mutanen da za a zo da su. Wannan ma babu bikin da ba a yi, amma Shabbir ya ce a ransa aiki ya kama.

Ya samu Kausar tana tsince shinkafa, ya rage murya.

"Matar nan tana kunna wa 'yarki falita a sama."

Kausar ta saki faranti. "Subhanallahi! Rukhsana? Wace Rukhsanar?"

"Na hana ta taɓa kaya, ta ƙullace mu. Ita ba ɗa ba jika, ga taki za ta tafi gidan miji. Kina tsammani daɗi take ji?"

"Baban Nimra, ka ji tsoron Allah. Matakala goma sha biyu ce tsakaninmu da ita. Bari in hau in tambaye ta."

"Kul! Ki tambaye ta ta ɓoye hujja? Bar ni da ita. Na san aikina."

Kausar ta koma kan shinkafarta. Ba don ta yarda ba, sai don ta daɗe da sanin musu da mijinta ɓata yawu ne. Wannan shirun nata ma ina ganin laifi ne.

Ranar Talata mata suka tafi kasuwa sayen awarwaro, Rukhsana ta bi su don ta riƙe musu jaka. Shabbir ya ɗauko tarin tsofaffin makullai, ya hau sama. Na huɗu ya buɗe kwaɗon.

Ɗakin tsaf, kamar kullum. A kan taga akwai ɗan faranti cike da guntayen zare da suka ƙone. Kusa da shi ragowar zarurruka farare a ɗaure. Akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado a kulle, babu makullin da ya shiga. Sai ya ɗaga matashi.

Takardu uku ne, an yago daga littafin rubutu. Gaba da baya an cika su da suna biyu, da wani irin rubutu karkatacce. Nimra, Adil. Nimra, Adil. Layi bayan layi, har babu wurin ɗiga alƙalami.

 Kada ku ɗauka duk mugunta ce. Mutumin nan yana son 'yarsa kamar ransa, kuma a wannan lokacin tsoro ne na gaske ya kama shi. Sai dai can ƙasan tsoron akwai wani ɗan daɗi da ya ji, na wanda hasashensa ya tabbata.

Ya kwashe zaren, ya hau riksha, wato adaidaita sahu, har babbar magudanar ruwa ta bayan gari, ya watsa a ciki, don ya ji ana cewa ruwa mai gudu ke karya irin wannan. Takardun kuwa ya ninke ya sa a aljihu. Mutumin kotu ba ya zubar da hujja. A hanyar dawowa ya buga wa Akram waya, ya ce ya zo jibi, akwai magana.

Da yamma Rukhsana ta sauko, fuskarta ta canza.

"Bhai Sahib, ko wani ya shiga ɗakina?"

"Me ya ɓace?"

Ta buɗe baki, ta dubi Nimra da ke zaune tana yankan farce, ta rufe.

"Ba komai."

"To, tunda ba komai, ai ba komai," in ji shi.

Ranar Alhamis da hantsi Akram ya iso, da kwalin alewar sohan a hannu, don shi a zatonsa shawarar biki aka kira shi. Aka zauna a tsakar gida. Shabbir ya sa aka kira kowa, har Nimra. Ya zauna a kujera ya gyara tabarau, kai ka ce alƙali ne.

"Akram Bhai, shekara huɗu ina riƙe da ƙanwarka bayan mutuwar ƙanena. Ban taɓa yi mata gori ba. Yau ka tafi da ita."

Akram ya ajiye kwalin. "Me ta yi?"

"An kawo mata saƙo, na karanta abin da ke jiki. Na duba ƙamus, har Master Irshad na tambaya. Falita ce. Kullum da safe tana kunnawa a sama. Ga shaida."

Ya baje takardun a kan tebur. Akram ya duba, ya dubi ƙanwarsa. Nimra ta dafe baki.

"Abbu, Chachi ce fa!"

"Ke, rufe min baki. Don ke nake yi."

Rukhsana ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon takardun. Sannan ta kwance makulli daga bakin mayafinta, ta miƙa wa wanta.

"Akram Bhai, akwatin da ke ƙarƙashin gado. Sauko da shi a hankali, kada ka karkata shi."

Ya sauko da shi yana nishi. Ta durƙusa ta buɗe, ta yaye tsohon zanen da ke sama.

Ƙananan kasake ne na yumɓu, a jere, an raba su da jarida. An shafa musu fenti kore da ruwan ɗorawa. Kowanne cike da kaki mai ƙamshin fure, da farin lagwani a tsaye a tsakiya. A gefen kowanne, da ruwan zinariya, an rubuta Nimra a nan, Adil a can. Kyandirori ne, irin waɗanda 'yan mata ke jerawa a faranti su shigo da su suna waƙa ranar lalle. Layin ƙarshe kasaken babu kaki, an dai yi fenti da rubutu.



"Waɗannan ban cika ba," in ji Rukhsana. "Lagwanin ne aka ɗauke."

Kausar ta fashe da kuka.

"Ka ce kada hannuna ya taɓa kayan amarya, Bhai Sahib, na ce to. Amma yarinyar nan ni na goya ta. Na rasa yadda zan zauna a yi bikinta babu komai nawa a ciki. Sai na koyi wannan a wayar maƙwabciyarmu, ita ta yi min odar zaren. Na shirya in ba matar Master Sahib ta shigo da su, a ce daga kasuwa aka sayo. Ba wanda zai sani, ba wanda zai ji tsoro."

Shabbir ya juya ga tebur. Ya nuna takardun da yatsa, amma muryarsa ta riga ta sauka.

"To, wannan fa? Suna sau ɗari?"

"A aji uku aka cire ni daga makaranta. Hannuna ba ya tafiya daidai. Na yi ta gwadawa ne don kada in ɓata wa 'yata suna."

Nimra ta ɗauki kasko ɗaya, ta dubi sunanta a jiki, ta faɗa jikin Rukhsana tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Da mutumin nan ya yi shiru a nan, da ya rage wa kansa. Amma mai tinƙaho ko ya faɗi sai ya nemi abin dafawa.

"Ai ba laifina ba ne duka," ya ce. "Kalmar ma'ana uku gare ta."

"Ni ɗaya na sani," in ji Rukhsana.

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Ka tambayi waya, Bhai Sahib. Ka tambayi Master Sahib. Ka kira Akram tun daga Shujabad. Ni da nake dafa maka shayi shekara goma sha tara, ni kaɗai ce ba ka tambaya ba."



Ta hau sama ta haɗa kayanta a jaka biyu. Kausar ta riƙe jaka ɗaya tana roƙo, Nimra ta tare ƙofa. Shabbir ya tashi daga kujerar, ya cire tabarau, ya ce abin da ba a taɓa jin ya ce wa kowa ba.

"Na yi kuskure. Ki yafe min. Ki zauna."

"Na yafe, har ga Allah. Amma in na zauna, gobe in na kunna turare sai in tsaya ina tunanin me kake tunani. Ba zan iya ba."

Ta bi wanta suka tafi.

Ranar lalle ta zo, gida ya cika. 'Yan mata suka shigo da farantai, kyandirorin nan suna ci, kowa na tambayar a wane shago aka samo su. Aka zaunar da amarya, aka kawo kwanon lalle, manyan mata masu maza suka matso don su fara shafa mata kamar yadda aka saba. Nimra ta dunƙule hannayenta biyu ta matse a cinya.

Aka lallaba, aka yi faɗa, gwaggonta ta ce wannan wane irin abin kunya ne. Ta ƙi buɗewa.

"Sai Chachi ta fara."

Rukhsana tana can baya cikin baƙi, inda ta zauna tun isowarta. Mata suka soma ƙus-ƙus, ido ya koma kan Shabbir da ke tsaye bakin ƙofa. Ya ratsa taron da kansa, ya ɗauki kwanon lallen, ya kai gabanta, ya tsaya kansa a ƙasa.

Ta karɓa. Ta zo ta durƙusa gaban yarinyar, hannayen suka buɗe, ta shafa, ta yi mata addu'a a kunne. Na kasance a wurin, kuma ban ga idon da ya bushe ba.

Shabbir ya ɗauka shi ke nan, an shirya. Da taro ya fara watsewa ya ga Akram ya tsayar da riksha, Rukhsana na sa takalmi. Ya bi ta har titi.

"Rukhsana Bibi, ɗakinki yana nan. An share, an wanke. Ba wanda zai ƙara hawa."

Ta dube shi ba tare da fushi ba, yadda ake duban maƙwabcin da aka daɗe da rabuwa da shi.

"Allah ya bar zumunci, Bhai Sahib."

Ta shiga riksha. Bayan kwana biyu aka kai Nimra gidan mijinta, gidan ya rage daga shi sai Kausar. Har na bar Multan, Rukhsana tana zuwa suna, tana zuwa gaisuwar salla, tana gaishe shi da ladabi, amma ba ta ƙara kwana a gidan ba ko sau ɗaya.

Darasi: In magana ta zo maka da fuska fiye da ɗaya, ka ɗauki mafi kyawunta, in kuma ranka bai kwanta ba, ka je wurin mai ita ka tambaye shi kafin ka tambayi duniya. Ana iya yafe maka zargi, amma amincin da ya rushe ba lallai ya dawo ba. Kada labarin nan ya tsaya a wayarka, miƙa shi ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake shirin yanke wa na kusa da shi hukunci yau, bai ko tambaye shi ba.